Allo da Alli: Wa Zai Ɗauki Hoton Zango?

 

Kusan duk taron iyaye da malamai da za ka je a makarantun Zango, kuka ɗaya ne ake kawowa: waya ta cinye yara. Yaro ba ya tilawa, ba ya aikin gida, in an aike shi sayen koko da ƙosai sai ya tsaya a bakin lungu yana ɗaukar abokinsa yana rawa. Kukan gaskiya ne, ni ma ina cikin masu yin sa. Amma maganin da ake yawan kawowa, wato a ƙwace wayar a kulle a akwati, ban ga gidan da ya yi aiki ba. In ka ƙwace ta ɗanka, ta maƙwabci na nan. Ni shawarata daban ce, kuma na san wasu dattawa ba za su ji daɗinta ba: tunda abin ya riga ya shiga hannunsu, a zaunar da su a koya musu shi yadda ake koya musu karatu da rubutu.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A zamanin da aka yi wannan karin magana, abin da idonka ya gani shi ne abin da ya faru. Yanzu kuwa abin da kake gani a gilashin waya wani ne ya zaɓa maka, ya yanke, ya jera, ya ɗora masa kiɗa. Wanda bai san yadda ake wannan jeri ba, to, kamar wanda bai iya karatu ba ne aka miƙa masa takardar filinsa aka ce ya dangwala yatsa.

Bari in ba ku misali. Wajen shekarar 1920 an yi wani malamin fim a ƙasar Rasha mai suna Lev Kuleshov. Ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa, ba ya dariya, ba ya kuka, kallo kawai yake yi. Sai ya haɗa wannan fuskar da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya cikin akwati, ya kuma haɗa ta da wata mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka yi ta yaba gwanintar ɗan wasan, wai a nan ya nuna yunwa, a can baƙin ciki, a can kuma sha'awa. Alhali fuska ɗaya ce, ko gira bai ɗaga ba. Na gwada wannan da ɗalibaina. Na ɗauki fuskar wani abokin aikina na daƙiƙa biyar, na haɗa ta da farantin wake da shinkafa, da makara a jingine a bangon masallaci, da jariri yana barci. Na raba aji gida uku, kowane rukuni ya kalli guda. Da muka haɗu sai gardama ta kaure: waɗannan sun rantse malam yunwa yake ji, waɗancan sun ce an yi masa rasuwa. Da na nuna musu duka ukun a jere, ajin ya yi tsit. Wata yarinya ce ta fara magana, ta ce, "Malam, ke nan labarun talabijin ma haka ake yi mana?" Na ce mata ta riƙe wannan tambayar, ta fi duk abin da zan rubuta a allo ranar.

Turawan mulkin mallaka sun san ƙarfin wannan abu tun da wuri. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Nijeriya, William Sellers, a kansa. Motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna yadda ake kashe ɓera da yadda ake biyan haraji. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji: a yi komai a hankali, kada a yi saurin yanka hoto, kada a yi wata dabarar kyamara, don wai kan baƙin mutum ba zai ɗauka ba. Labarin kuma kusan kullum iri ɗaya ne, mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi maganar gwamnati ya ji daɗi, wawa ya bi ta kakanninsa ya sha wuya. Ku lura da wanda aka sa wa rigar wawa. A 1948 suka buɗe 'yar makarantar koyon fim a nan Ankara, suka horar da samari kaɗan daga nan da Nijeriya. Cikinsu har da Sam Aryeetey, wanda daga baya ya zama jigo a harkar fim ta Gana.

Amma fim ɗin da ya fi shafar mu 'yan Zango wani Bafaranshe ne ya yi shi, Jean Rouch. A 1954 ya bi wasu 'yan ci-rani daga Nijar, akasarinsu Zabarmawa masu aikin ƙarfi a Ankara, zuwa wani daji a bayan gari inda suke taronsu na Hauka, wani nau'in bori da ya ɓulla a Nijar a shekarun 1920, inda iskokin ke zuwa da siffar gwamna da kwamanda da sojan Turawa. Fim ɗin, mai suna Les Maîtres fous, ya fito a 1955. An nuna mutane kumfa na zuba daga bakinsu, an nuna sun yanka kare sun ci. Gwamnatin Ingila ta hana nuna shi a ƙasashenta, don ta ga ita ake yi wa ba'a. 'Yan Afirka masu karatu a Faris su ma suka tayar da jijiyar wuya, don sun ga mu aka tozarta. Shekaru bayan haka Usman Sembene na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa yana kallon 'yan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari.

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin da nake so duk mai koyon wannan sana'a ya sani. 'Yan Hauka sun fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, farin da gwaiduwa na gangarowa. Nan take Rouch ya yanke, ya kai mu filin fareti, ga gwamnan gaske da farin gashin tsuntsu yana zubowa daga hularsa. Yanka ɗaya tak, amma ya mayar da gwamna mai cikakken iko abin dariya. Wannan gwaninta ce, ba na musu. Sai dai mu tambayi kanmu: mutanen nan 'yan dako ne, da masu haƙar kwata, da masu tallan kaya a kasuwa, maƙwabtan kakanninmu ne a Zango. Rouch ya nuna su washegari a bakin aikinsu suna murmushi, amma ba wannan duniya ta riƙe ba. Shekara saba'in ke nan, in ɗalibi a wata jami'ar Turai ya ga 'yan ci-ranin Ankara na wancan zamani a fim, da kumfa a baki yake fara ganin su. Wa ya ɗauki makarantun allonsu? Wa ya ɗauki fataken goro suna lissafi a ka, ba takarda ba alƙalami? Babu, don kyamara ba a hannunmu take ba.

Abin sha'awa shi ne, daga cikin mutanen da Rouch ya ɗauka ne aka sami wanda ya karɓi kyamarar. Umaru Ganda haifaffen Yamai ne, ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin yana saurayi, ya dawo yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Can Rouch ya tsince shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba, ya koma Yamai ya koyi tsayawa a bayanta. Fim ɗinsa Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo gida abokai suka cinye kuɗinsa suka watse, wato kusan labarin kansa. A 1972, da aka fara ba da babbar kyauta a bikin finafinan Afirka na Wagadugu, fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya ɗauke ta. Ɗan dako fa.

Ɗan ƙasarsu Mustafa Alasan, wanda asalinsa makanike ne, shi ya fi kowa ganin inda muka dosa. A 1966 ya yi wani gajeren fim, Le Retour d'un aventurier. Saurayi ya dawo daga ƙetare da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya canza suna, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Duk wanda ya tashi a Nima lokacin da silimar Dunia ke tashe ya san wannan ba ƙage ba ne. An yi zamanin kaboyi, aka yi na 'yan kunfu, kowane yaro ya fito daga kallo yana tsalle yana kai wa ƙaninsa ƙafa. Aka yi na Indiya, wanda har yau bai sake mu ba.

Kada a ce sai mai kuɗi ko mai digiri. Harkar bidiyo ta Gana da ƙaramar kyamarar kaset ta fara, lokacin da William Akuffo ya fitar da Zinabu a 1987. Masu gidajen kallo na unguwa kuwa, da ba su da kuɗin buga talla, sai suka sa masu zane su zana musu a kan buhun fulawa, zanen da yanzu Turawa ke saye suna ratayewa a gidajen tarihi. A Kano ma haka aka faro: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin a kai 1999 Sangaya ya fito da waƙa da rawa irin ta Indiya, kasuwa ta buɗe, kaset ya riƙa isowa har Kumasi da Tamale.

To, a nan ne nake da magana da samarinmu masu shirya finafinai da gajerun wasanni a Zango. Ina kallon abin da kuke yi, kuma akwai masu basira a cikinku. Amma Kano ta kwaikwayi Indiya, ku kuma kuna kwaikwayon Kano, har da harshe. Yaron da a gida yake magana da Hausar Zango, in kyamara ta hau kansa sai ya maƙale murya yana neman yin ta Kanawa, ba ta fita, shi bai zama Bakano ba, shi bai zauna ɗan Aboabo ba. Labarin kuma ɗan sarki ne ya ga 'yar talaka a lambu. Wane lambu? Mu da muke gidan haya, ɗaki goma sha biyu famfo ɗaya? A cikin gidan nan akwai Bahaushe da Badagombe da Bamoshe da Kotokoli da Bafulatani, ga Ba'ashante mai shago a ƙofar gida, kowa da Hausa yake sayen gishiri. Rigimar kuɗin wuta a irin wannan gida kaɗai ta ishi mutum fim uku. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Maganar harshen nan ba ƙarama ba ce. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati a ƙasar nan. Ɗalibina da ke mafarki da Hausa, a aji Tuwi ko Ga yake rubutawa, kuma da yawansu wannan shafin ma sai an karanta musu. Ke nan in Hausar Zango za ta bar wata alama ga jikokinmu, da yadda muke furta ta, da kalmomin da muka aro daga maƙwabta, da barkwancinmu, ta murya da hoto za ta bar ta. Masu yi mana dariya wai ba mu bambanta mace da namiji a magana, su yi ta yi. Harshen da ya haɗa ƙabila ashirin a unguwa ɗaya ba abin jin kunya ba ne.

In kuwa ba mu yi ba, wasu na yi mana. Ku tuna finafinan ƙasar nan da kuka kalla, ku ƙirga sau nawa ɗan Zango ya fito, kuma a matsayin me. Maigadi mai gyangyaɗi da karyayyen Turanci. Malam mai layu da ake zuwa wurinsa neman kuɗin tsafi. Ƙaton da 'yan siyasa ke haya ranar zaɓe. In 'yan jarida suka shigo Nima, kyamara ba ta san hanyar ko'ina ba sai ta babbar kwata. Ba na cewa kwatar ba ta nan, tana nan, muna shaƙar ta. Amma yaron da ya gama makaranta ya je neman aiki ya ce daga Zango yake, wannan hoton ne ke riga shi shiga ofis. Ku kwatanta da abin da ya faru a 2019, lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100 ya ziyarci cocin Katolika ta Christ the King a Ankara. Hoton dattijon nan zaune cikin coci da rawaninsa ya zagaya duniya, ya yi mana abin da jawabi ɗari bai yi ba.

Me za a koya wa yaran? Ba abu ne mai wuyar gaske ba. Farko su san hoto iri uku ne: na nesa mai nuna inda ake, na tsakiya mai nuna wa da wa ke nan, da na kusa mai nuna abin da ke zuciya, ko fuska ko hannu. Mai koko da asuba: ga lungu da hayaƙi, ga ta da masu layi, ga ludayi yana shiga tukunya. In ka jera ukun nan ka riga ka ba da labari ba ka ce uffan ba. Kowane ɗauka a tsaya cik a ƙirga goma kafin a motsa, a daina yawo da waya kamar mai korar sauro. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka, kuma hasken safe da na bayan la'asar ya fi na tsakar rana, wanda ke mayar da idon mutum rami.

Sai tsayin kyamara, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, don a nan ne mutunci yake. In ka ɗauki mutum daga ƙasa ka girmama shi, in ka ɗauke shi daga sama ka ƙanƙantar da shi. Ku duba hotunan da masu neman taimako da sunanmu ke ɗaukar yaranmu: kullum daga sama, yaro ya ɗaga kai yana kallon mai ɗauka kamar mai bara. Ina gaya wa ɗalibaina, in za ka ɗauki kakarka tana zaune a tabarma, kai ma zauna. Dama tarbiyya ba ta yarda ka tsaya mata a ka ba.

Sauti kuwa shi ne inda kowa ke faɗuwa. Mutane za su haƙura da hoto mai duhu, amma ba za su haƙura da maganar da ba sa ji ba. Zango kuma ba ta san shiru ba, ga injin niƙa, ga lasifikar mai wa'azi, ga babur. Dabara ita ce waya biyu: ɗaya ta ɗauki hoto, ɗaya a ajiye ta kusa da bakin mai magana, a tafa hannu sau ɗaya a farko don a gane inda za a haɗa su wajen tacewa. Game da ginin labari, ba sai mun je ko'ina aro ba. Duk yaron da ya ji tatsuniyar Gizo ya san dole a sami mai son wani abu, a sami abin da ya tare masa hanya, a ga dabarar da zai yi. Fim ɗin da babu mai neman komai a cikinsa, ko an yi shi da kyamarar miliyan, barci zai sa. Wanda ya ga yana da baiwa ya so ya zurfafa, makarantar koyon fim da talabijin ta NAFTI, wadda aka kafa a 1978, tana nan a Ankara, yanzu a ƙarƙashin jami'ar UniMAC. Ban ga dalilin da zai sa masu hali a cikinmu su kai yaro karatun akawu su ƙi kai wani can ba.

Na san akwai malamanmu da ke da magana a kan hoto, kuma ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba zan shiga gonar da ba tawa ba. Abin da na lura shi ne, tafsirin azumi yanzu da kyamara ake yin sa, kuma almajiran malam ne ke riƙe da ita. Inda nake tare da su ɗari bisa ɗari shi ne maganar sirri. Yaro ya sani ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, ba a shiga cikin gida a ɗauki matan aure don an ga biki, ba a ɗaukar gawa, ba a ɗaukar mai taɓin hankali don a yi dariya. Abin da ka saka a intanet ya fita hannunka har abada. Aure nawa ya mutu a unguwanninmu saboda bidiyon daƙiƙa talatin? Wannan ma darasi ne, kuma wanda aka ƙwace wa waya aka kulle ba zai taɓa jin sa ba.

Akwai aikin da nake so a fara da shi, don ba ya jira. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar nan. Zango ta girgiza. Mutanen da aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba, suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance suka hau manyan motoci. An raba mata da miji, an raba wa da ƙane. Wanda yake ɗan shekara 15 a lokacin yanzu ya haura 70. Kowace shekara muna kai su makwanci da labarinsu a ciki, kuma littafin tarihin da nake koyarwa da shi bai ba abin ya wuce 'yan layuka ba. Ku tuna Alhaji Umaru na Kete-Karaci, Bakanon da ya zauna Salga har yaƙin 1892 ya tashe su, ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya yi limanci a ciki ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo. Abin da ya sa har yau ake jin muryar mutanen wancan zamani shi ne ya zauna ya rubuta.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantunmu, na boko da na Islamiyya, su ware yamma ɗaya a mako. Waya biyu ta isa, da malami ɗaya mai haƙuri. A raba yara uku-uku, kowane rukuni ya nemi tsoho ko tsohuwa a gidansu, a gaishe su yadda ya kamata, a faɗa musu abin da za a yi da maganarsu. Kada a tambaye su "yaya zamanin da?", za su ce alhamdu lillahi su yi shiru. A tambaye su wa ya fara zuwa ƙasar nan a gidansu, da me ya zo, a gidan wa ya sauka, ina suke ranar da aka yi sanarwar 1969, wa ya tafi, wa ya dawo. In tsohuwa ta yi shiru tana kallon ƙasa, kada a kashe waya, kada a cika ta da wata tambayar, a jira. In an gama a rubuta sunanta da unguwa da ranar da aka ɗauka, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a kwamfutar makaranta ɗaya a hannun iyalinta, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.